Soyayyen Rairayin Inna Basira

Duk wanda ya taɓa sayen gyaɗa a unguwarmu cikin garin Isa ya san Inna Basira, ko bai san fuskarta ba ya san muryarta. Gajeruwa ce kakkaura, Bagobira mai zane a kumatu, wadda in tana yi maka magana a tsakar gida mutanen layin baya ke amsawa. Gujjiya muke ce wa gyaɗa a nan, saboda haka Basira Mai Gujjiya ake kiranta. Katanga ɗaya ta raba gidana da nata, katangar kuwa ruwan bara waccan ya cinye mata kai, sai ya zama ko ban yi niyyar sa ido ba, idon ke sa kansa. Sunana Mardiyya, malamar firamare ce ni. Na faɗa ne don kada a ce ba ni da aikin yi.

A cikin rairayi take suya. Masu jakuna su kawo mata shi daga gulbi, ta tankaɗe, ta wanke, ta shanya, sannan ta zuba a babban kaskon ƙasa ta hura masa wuta. In ya ɗauki zafi ta juye gyaɗar a ciki, ta yi ta motsawa da mara har ƙamshi ya kai bakin titi. Gyaɗarta ba ta ƙuna, ba ta ɗanye. Amma abin da ke sa a tsallake masu gyaɗa huɗu a zo wurinta, tsabta ce. Kaza ba ta isa ta ratsa inda take suya ba. Ni kaina in na leƙa da takalmi sai an yi mini kallon da zan koma in cire. Kare kuwa, a wajen Inna, ko ambatonsa kusa da abinci rashin ladabi ne.

Mijinta Baffa Labbo Bafillace ne, dogo, siriri, mai maganar da sai ka matsa kusa ka ji. Sun fi shekara arba'in tare, ita ke magana shi ke gyaɗa kai, kuma sun zauna lafiya. Daga wata ruga bayan Turba suka dawo cikin gari, shekarar da ɓarayin daji suka kore masa shanu da rana tsaka, ba su bar masa ko maraƙi ba. Kayansu a kan amalanken shanu suka zo, shi da surukinsa ke turawa, don babu abin da zai ja. Tsohuwar karyarsa Kyalla na biye da su. Tun daga ranar Baffa ya shimfiɗa buzu ƙarƙashin bishiyar dogon yaron gidan ya zauna. In an kawo tuwo ya ci, in an kira salla ya tashi, in ka gaishe shi ya amsa da fara'a, amma kana gani ka san mutumin ba ya nan. Shekara biyu ina kallonsa haka, kuma yana ba ni tausayi ƙwarai.

Inna ta yarda Kyalla ta zauna ne a kan sharaɗi: can kusurwar baya wajen turken awaki, kada ta kuskura ta wuce randa. A nan ta haifi 'ya'ya biyar cikin damina, ta shayar da su wata ɗaya da 'yan kwanaki, tsufa ya kwantar da ita ta mutu. Ba a yi sati ba ciwo ya faɗa wa 'ya'yan, amai da gudawar jini, huɗu suka tafi a jere. Na biyar ɗin shi ne ƙaramin cikinsu, wanda 'yan uwan ke turewa wajen ci. Saboda haka tun farko Baffa ya ɗauke shi ya ɗora kan amalanken, wanda ke ajiye ƙarƙashin rumfa ba aikin fari ba na baƙi, yana ba shi kunu da madara a can. Shi kaɗai ya rage, sai Baffa ya sa masa suna Saura. Daga garken da ya gada wurin mahaifinsa, wannan ɗan abin mai kama da dunƙulen fura shi ne mai rai na ƙarshe a hannunsa.

Malam Muntaka, malamin dabbobin da ke zagayawa a babur yana yi wa awaki allura, shi ya bayyana musu abin da ya faru. Ya duba kwikwiyon, ya duba kusurwar da sauran suka mutu, ya ce:

"Baffa, ciwon ga cikin ƙasa shike. Inda waɗancan sunka yi zawo, ko an yi shekara shina nan. Amalanken ga shi yat tsirad da wanga. Allura ukku za ni yi mai, sati ukku-ukku tsakani. Kahin ta ƙarshe ta kama jikinai, kada ƙahwatai ta taɓa ƙasa, ko cikin gida ko waje."

Inna, wadda ke ta tankaɗe kamar ba ta sauraro, ta ɗago kai. "To in ba shi taka ƙasa, ina za shi yi hitsari? Bisa kaina?"

Malam Muntaka ya yi dariya, ya ce wannan kuma ba a koya musu a makaranta ba, ya tada babur ya bar su da aikinsu.

Baffa ya kewaye amalanken da guntun zana, ya zama ɗaki. Sai dai Saura bai san bambancin wurin kwana da wurin ci da bayan gida ba, duk inda abin ya zo masa nan yake sakinsa. Baffa kuwa bai taɓa jin an koya wa kare irin wannan ba. A ruga daji ne bayan gidan kare, wa zai bi shi ya nuna masa? Ya shimfiɗa tsumma, Saura ya yayyaga. Ya sa kwali, ya cinye rabi. Ya zuba toka, kwikwiyon ya yi birgima a ciki ya fito fari fat yana atishawa. Ƙasar gida an hana, rairayin gulbi ma an hana, don karnukan gari can suke yawo. Kafin kwana biyar katakon amalanken ya jiƙe, wari ya fara gaisawa da ƙamshin gyaɗa a tsakar gida, Inna kuma tana faɗa tun daga asuba har kaji su shiga akurki.

A rana ta shida haƙurinta ya ƙare. Tana da al'adar zubar da rairayi in ya yi baƙi da suya. Ta ɗauko wani fasasshen kasko, ta juye baƙin rairayin a ciki da sauran ɗuminsa, ta tura gaban Baffa da ƙafa.

"Ga shi, Malam. Wanga wuta ta ci shi sau goma. In akwai ciwon da yaf fi wuta, shi zo mu gani."

Baffa ya ce to. Ya ɗora kaskon a kan amalanke ya koma buzunsa yana jiran kwikwiyo ya gane da kansa. Inna ta dube shi ta girgiza kai.

"Kai dai shanu kas sani. Ɗiya bakwai nir raina, na san zancen ga. Jinjiri ba a jiran shi yi, tarbonai aka yi. Da yat tashi kwana, da yac ci, da yag gaji da wasa, aza shi wurin. In ya yi, ba shi wani abu mai daɗi. In ya ɓata wani wuri, kada ka buge shi, laihinka na, kai kay yi nawa."

Yadda mata ke ɗora jariri a kan ƙafafunsu da safe su yi ta yi masa sss har ya yi, haka ta tsara wa kare. Malam Muntaka da ya ji labari ya ce dabarar ta yi, wuta ba ta barin ƙwayar ciwo, a dai riƙa sauya rairayin kullum.

Daga nan gidan ya zama makaranta, kuma ni da nake koyarwa na ga tsarin da ya fi namu. Inna ce shugaba. Ba ta taɓa kwikwiyon, ba ta kusantar amalanken, daga bakin murhu take ba da umarni tana nuni da mara. "Malam, ya hwalka." "Malam, shina shinshine-shinshine, maza." Baffa, mutumin da a da sai an kira salla yake miƙewa, sai ga shi yana zabura har hula na faɗuwa. Ya ɗora Saura a kan rairayi, ya yi masa irin fiton da makiyaya ke yi wa shanu a bakin ruwa. In an dace, ya ba shi ɓarin ƙuli-ƙuli, ya yi ta yaba masa da Fillanci, maganar da ta fi duk wadda na ji ya yi cikin shekara biyu tsawo. In ba a dace ba, ya wanke katako da sabulu da ruwan bilic mai kashe ƙwayar ciwo, Inna na gaya masa minti nawa ya makara.

Cikin sati biyu Saura ya gane. Da kansa yake tashi ya taka zuwa kasko, ya yi abin da zai yi, ya zauna yana kaɗa wutsiya yana jiran ladansa. Kullum da hantsi Inna kan ware masa rairayi daga na suyar ranar, mai ɗumi, mai ƙamshin gyaɗa. Tana yi tana mita, wai ita da girmanta ta koma soya wa kare bayan gida. Amma ranar da na ce mata ai ko da sanyinsa zai yi, sai ta ce mini ɗan ƙaramin abu ne, sanyi zai kama masa ciki. Aka yi allura ta biyu lafiya. Saura ya yi ƙafafu, kunnuwa suka miƙe, ya fara haushin duk wanda ya yi sallama. Babu wanda ya tsaya ya yi tunanin abin da aka koya masa a zahiri. Mu a ganinmu an koya masa fasasshen kaskon kan amalanke. Shi a ganinsa an koya masa rairayi mai ɗumi mai ƙamshin gyaɗa, ko a ina yake.

Ana saura kwana biyar a yi allurar ƙarshe, ranar wata Asabar da hantsi, Hajiya Zulaihatu ta zo karɓar gyaɗar sunan jikarta, tiya uku. Hajiya Zulaihatu mutuniyar kirki ce, sai dai in labari ya shiga kunnenta da safe, kafin azahar ya kai Sabon Birni ba tare da ya hau mota ba. Baffa ya zubar da rairayin jiya ya tafi wurin wanzami, da nufin in ya dawo ya zuba sabo. Inna ta gama suya, ta tace gyaɗar da rariya, ta sauke babban kaskon ƙasa don rairayin ya huce, suka zauna hira. Ni ina shanya a gefen katanga.

Saura ya farka. Na ji yana kuka ƙasa-ƙasa, yana zagaya fasasshen kaskonsa da ba komai a ciki. Ya daure iyakar daurewarsa. Da ya ga ba mai kula shi, ya kama zana ya haye, ya faɗo tim, ya ratsa tsakar gidan nan da aka yi sati biyar ana kare shi daga gare ta, hanci a sama. Bai tsaya ko'ina ba sai cikin kaskon suya. Ya juya sau biyu, ya tsuguna, ya yi duka biyun. Sannan ya fito ya zauna a gaban Hajiya Zulaihatu yana kaɗa wutsiya, yana jiran ƙuli-ƙuli. Gaskiya in za a faɗa, shekarata goma sha tara a aji ban taɓa samun ɗalibin da ya riƙe darasi haka ba.

Hajiya ta dubi kasko, ta dubi gyaɗar da ke cikin faranti, ta gyara mayafi. "Basira, bar ta kawai. Na tuna akwai wadda anka aiko muna." Ta fita tana tattare zani.

Baffa ya dawo da sabon aski ya tarar da abin da ya faru. Kafin ya ce komai ya sunkuci Saura ya wanke masa ƙafafu da ciki da sabulu har sau uku, don shi ƙasar da aka taka ce ta tsorata shi. Kafin la'asar labari ya dawo mana da ƙari. Wai karen a cikin kaskon yake kwana. Wai dama shi ne sirrin daɗin gyaɗar. Yaran da ke zuwa saye da yamma ba wanda ya leƙo.

Na saba da faɗan Inna, amma ran nan ba ta ɗaga murya ba, abin da ya ba ni tsoro ke nan. Ta zauna a kujerar tsugunno har rana ta yi sanyi, sannan ta ce, "Malam, shekara talatin ina gujjiya ba a taɓa maido min da ita ba. Gobe kada in ga karen ga cikin gidan ga."

Baffa ya ce, "To."

Washegari da safe ina shara na gan shi ya shirya. Ya ɗauko sandarsa ta kiwo, wadda tun zuwansu take soke a jikin rumfa, ya saɓa Saura a wuya ya riƙe ƙafafunsa biyu-biyu, yadda makiyayi ke ɗaukar ɗan tunkiyar da aka haifa a hanya. Wasu Fulani ya ji sun sauka bayan gari, can zai kai shi. Bai roƙe ta ba, bai ɓata fuska ba. Ya ce mata sai ya dawo, ya nufi zaure. Ni dai na tsaya da tsintsiya a hannu, raina ya ɓaci, don na san in kwikwiyon nan ya fita ba allurar ƙarshe, da wuya ya ga wata mai zuwa.

Har ya sa ƙafa a zaure ta yi magana, ba ta ko juyo ba.

"Malam, can inda za ka kai shi, wa za shi soya mai rairai?"

Baffa ya tsaya.

"Ƙasa za su aje shi, cikin karnukansu. Sati biyat muna wahala, shi tahi shi mutu saura kwana huɗu? Maido shi bisa amalanke. Kuma ka ƙara ma zanan ga tsawo, tun jiya nika hwaɗi."

Ba ta faɗa ba jiya, amma ba wanda ya tuna mata. Baffa ya dawo ya sauke Saura, ya daɗe yana gyaran zanan da bayansa a gare mu.

Ita kuwa ta ɗauki babban kaskon, wanda ta zo da shi tun daga ruga, ta fita da shi ƙofar gida, ta jira sai da masu tafiya kasuwa suka yi yawa, ta ɗaga ta maka shi da ƙasa. Ta ce kowa ya gani da idonsa, wanda bai gani ba a ba shi labari, tunda garin ba a rasa masu bayarwa. Ta sayo sabo, ta tsallako ta karyayyar katangarmu ta kafa murhu a tsakar gidana. Ba ta tambaye ni ba, sanar da ni ta yi. Wata guda a nan take suya, ni kuma na koma cire takalmi a gidan kaina.

Kwanakin da suka biyo baya kowa ido ya zuba wa Saura, ko ƙasar da ya taka za ta tashi. In ya bar loma ɗaya a kwano Baffa ya kasa cin nasa. Allah ya kiyaye, ko amai bai yi ba. Malam Muntaka ya zo da allurar a cikin kula da ƙanƙara, ya yi ta uku, ya ce a ƙara kwana goma. Da suka cika aka sauko da shi. Sauran aikin ma Inna ce ta tsara: kullum a matsa da fasasshen kaskon taki biyu zuwa bayan gida, kullum a rage rairayi a ƙara ƙasa, har aka wayi gari ba kasko ba rairayi, Saura na zuwa kusurwarsa da kansa. Duk da haka har yau in ta sauke kaskon suya sai ta kife masa faifai ta ɗora dutse.

Yanzu Saura ya zama ƙaton kare ja mai farin goshi. Kullum da sassafe shi da Baffa suke fita da awakin gidan zuwa bakin fadama, maƙwabta ma sun fara haɗa musu da nasu. Masu sayen gyaɗa sun dawo, amma ba duka ba. Gidajen biki da suna da ke yi mata aike, rabinsu sun koma wani wuri, Hajiya Zulaihatu kuwa ko a hanya sai dai gaisuwa daga nesa. Inna ta san haka zai faru tun ranar da ta ce a dawo da shi.

Wata rana muna ɓarar gyaɗa ni da ita, na ce, "Inna, ke da ba ki son ko jin sunan kare, mi yas sa kinka bar shi? Kin san abin da za ki rasa."

Ta ajiye gyaɗar da ke hannunta. Sannan ta ce, "Har gobe ban son shi, Malama. Ƙazami na. Amma shekara biyu mutumin ga in na tashi da sahe sai na diba ko shina lumhwashi, don ba shi da abin da za shi tashi dominai. Ran da nig ga ya ɗauko sandag ga za shi hita, na san in ya dawo hannu wohi, buzun nan za shi koma, kuma ba shi ƙara tashi. Gujjiya in ba a saye ba mu ci abinmu. Shi in ya tahi, wa za ni yi ma hwaɗa?"

Ta share ido da bakin zani, ta ce hayaƙi ne, alhali ba a hura wuta ba tukuna. Sannan ta tura mini kwandon ta ce in daina kallonta in sa hannu, rana na yi.